Daga Tsibiri Zuwa Gidajen Sama: Yadda Ikko Ta Faɗaɗa Har Ta Iske Mu



Duk wanda ya hau gadar Third Mainland da yamma ya hango dogayen benayen Marina da Ikoyi, zai yi wuya ya yarda cewa Legas ɗin da Turawan Ingila suka karɓe daga hannun Oba Dosunmu a 1861 ɗan tsibiri ne, ruwa da fadama sun kewaye shi. Kakanninmu suna kiran garin Ikko, kuma tun a lokacin suna cikinsa. A 1863 Kyaftin Glover ya kafa wata ƙaramar runduna ta Hausawa, wadda ake dangantawa da tushen sojan Najeriya. Unguwar Obalende ma tsofaffin sojoji ne suka fara zama a cikinta, da yawansu Hausawa.

Abin da ya fara fitar da garin daga tsibiri shi ne gada da dogo. A 1901 aka buɗe gadar Carter, a shekarar kuma jirgin ƙasa ya fara zuwa Ibadan, sannan dogo ya kai Kano a 1911. Daga nan shanu da fatu da gyaɗa suka riƙa gangarowa, goro yana haurawa Arewa. Agege a wancan zamani ƙauye ne mai gonakin goro da koko. Tashar jirgi da cinikin goro ne suka zaunar da Hausawa a can, nesa da hayaniyar gari.

Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, Legas ta zama babban birni, tsibirin ya cika maƙil. Annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a 1924, abin da ya sa aka kafa hukumar tsara gari a 1928, ta shiga rushe lunguna tana tura mutane Yaba da Ebute Metta. A wajajen 1955 aka sake rusau a tsakiyar tsibirin, aka kwashe mutane zuwa Surulere. Tun daga nan aka saba da tsari guda: idan wuri ya yi daraja, talaka ne ke matsawa gaba.

Bayan samun 'yanci sai gini ya fara neman sama. Dalilin a fili yake. Legas ce jihar da ta fi kowace ƙanƙantar ƙasa a Najeriya, ga teku a kudu, ga bankuna da kamfanoni kowa na son ofis a Marina ko titin Broad. Idan fili ya yi tsada, mai shi ba ya mayar da kuɗinsa sai ya ɗora hawa kan hawa. Haka aka samu Independence House mai hawa 25 a farkon shekarun 1960, sannan ginin NET, wanda ake kira NECOM House, mai hawa 32 a 1979, lokacin da kuɗin mai ke zuba.

Faɗin ma bai tsaya ba. An ƙirƙiri jihar Legas a 1967, aka mayar da hedikwatarta Ikeja a 1976, aka gina garin Festac domin bikin 1977. Gwamna Lateef Jakande, daga 1979 zuwa 1983, ya gina rukunonin gidaje masu sauƙin kuɗi a gefen gari. A 1990 aka kammala gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12. A watan Yulin wannan shekarar ce kuma gwamnatin soja ta rushe Maroko, aka raba mutum kusan dubu 300 da muhallinsu. Yau manyan gidaje ne a wurin, a bakin hanyar Lekki.

Wasu sun zaci komawar gwamnatin tarayya Abuja a 1991 za ta rage wa garin cinkoso. Ina! Tashar ruwa da kasuwa ba su tashi ba. Ƙidayar 1963 ta ba birnin mutum kusan dubu 665, ta 2006 ta ba jihar miliyan 9, gwamnatin jihar ma ta ce adadin ya fi haka nesa. Yanzu garin ya tsallaka iyaka ya shiga Ogun ta Ota da Ibafo da Mowe, a Eko Atlantic kuma teku ake cikewa da yashi ana gini a kai. Gaggawar ba ta rasa ɓarna ba: ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ya rufta, fiye da mutum 40 suka rasu, akasarinsu masu neman na abinci a wurin aikin.

To, ina ruwanmu da wannan tarihi? Wuraren da iyayenmu suka zauna saboda bayan gari ne, kamar Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, yau garin ya zagaye su. Filin da babu mai so jiya, yau masu gine-gine sun sa masa ido. Daɗewa a wuri kaɗai ba lallai ta wadatar a gaban hukuma ko kotu ba, sau da yawa takarda ake tambaya. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka duk mai gida ko shago ya binciki takardunsa tun kafin a liƙa masa sanarwa. Filayen masallatai da makarantu da maƙabartu a yi musu rajista da sunan amintattu, kada a bar su a kan amanar baka. Sarakunanmu da shugabannin kasuwa su riƙa halartar zama idan ana maganar tsarin unguwa. 'Ya'yanmu kuma a tura su karatun lauya da safiyo da injiniya, domin mu samu namu a inda ake zana taswirar gari.

Wanda ya san tarihin unguwarsu daga bakin dattawa, ya rubuto mana kafin su ƙare. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya jiƙan magabata.