Hausawa A Wasannin Tarihi Na Kwamfuta: Wa Aka Sa, Wa Aka Bari?

Jama'a, yaranmu sun duƙufa ga wasannin kwamfuta inda mutum zai zaɓi wata al'umma, ya gina mata birane, ya yi kasuwanci, ya yi yaƙi. Ya kamata iyaye mu san abin da ke ciki, don tarihi ne ake ɗura musu ba malami.

Da Sid Meier ya fito da Civilization a 1991, Misirawa da Zulu kaɗai aka sa daga Afirka. Sai a 2005 Mali ta shigo da Mansa Musa, a 2010 kuma Songhai da Askiya. Mu Hausawa sai a 2021 Age of Empires III ya sa mu, tare da Habasha. Kano ce cibiyarmu, akwai mahayan lifidi da maharban Fulani, ƙarfinmu kuma yana ga shanu da makaranta da fada. A 2025 Civilization VII ya kawo Sarauniya Amina ta Zazzau, amma ya fito ba daular Hausa a ciki, sai dai ta ja ragamar wata daula, kamar Aksum ko Songhai.

In ka kwatanta, Zulu mashi aka ba su, Mali zinariya, mu kuma fatauci da ilmi. Wannan kam ba laifi, don fatauci ne, da jirgin ƙasa da ya mai da Kafanchan mahaɗa wajen 1927, suka kawo kakannin da yawanmu nan.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Wasannin nan mai sarki da runduna kawai suke gani. Ina mutanen Nok, nan kusa da mu a ƙasar Jaba, masu gumakan yumɓu na sama da shekara 2,000? Ina mutanen Kagoro, da suka riƙe duwatsunsu, Zazzau da Jama'a ba su mallake su ba har zuwan Turawa? Yaron da ya saba shafe taswira da launi ɗaya zai ɗauka ƙasar maƙwabtansa fili ce ta ci da yaƙi. Wanda ya ga rikicin Maris 1987 ya san inda raini ke kai gari.

Kada mu hana su wasa. Amma in sun ajiye, a zaunar da su a gaya musu tarihin waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.