Daga Minimoog Zuwa DX7

A 1970 kamfanin Robert Moog na Amurka ya fito da Minimoog, fiyanon lantarki da makaɗi zai iya ɗauka ya hau dandamali da shi. Sautinsa na da kauri, amma murya ɗaya tak yake fitarwa a lokaci guda, kuma idan ya ɗau zafi sai sautin ya karkace, dole a sake saita shi.

Can a Jami'ar Stanford kuwa, tun 1967 John Chowning ya gano wata dabarar haɗa sauti da lissafi. Kamfanonin Amurka suka yi biris da ita, Yamaha na Japan ya saye lasisin. A 1983 DX7, wanda Yamaha ya ƙera da wannan dabara, ya shigo kasuwa: muryoyi 16 a tare, saiti ba ya gocewa, farashi kusan dala 2,000.

Makaɗa suka yi masa rubdugu. Sai dai ƙirƙirar sabon sauti a cikinsa jan aiki ne, don haka yawancinsu suka tsaya ga sautuka 32 da aka zuba masa daga masana'anta. Shi ya sa waƙoƙin shekarun 1980 da yawa suke kama da juna. Saboda tashen DX7, masu tsofaffin Minimoog suka riƙa sayar da su da araha. Yau masu tara kayan kiɗa na biyan dubban daloli kafin su samu ɗaya.