Ƙwan fitilar gaban mota

Ƙwan fitilar gaban mota, wanda masu gyara suka fi kira gulob, shi ne ɗan ƙwan lantarkin da ake sakawa a cikin gidan fitilar gaba domin haska hanya da dare. A yawancin ƙananan motoci, irin su Volkswagen Golf, Toyota Corolla da Peugeot 206, ana cire ƙwan a sa wani ba tare da an sauya gidan fitilar ba. Kowane ƙwai yana da lamba, kamar H4, H7 ko 9006, kuma wannan lambar ce ke nuna wanda zai shiga motar, domin motoci biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya suna iya amfani da ƙwai daban-daban.

Tarihi

An fito da ƙwan halojin na farko na mota, wato H1, a Turai a shekarar 1962. H4 ya biyo baya a 1971, sannan H7 a farkon shekarun 1990. Amurka ta bi wata hanya dabam. Daga 1940 dokar ƙasar ta wajabta fitila rufaffiya, wadda ake jefar da ita gaba ɗaya idan ta mutu, kuma sai a 1983 aka yarda da fitilar da ake sauya wa ƙwai. Wannan ne asalin jerin lambobi biyu da ake gani yau: na Turai masu farawa da harafin H, da na Amurka masu farawa da 900. Da yake motocin hannu da ake shigowa da su Najeriya da Nijar sun haɗa da na Turai da na Amurka, duka jerin biyu suna nan a kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas.

Yadda ƙwan halojin ke aiki

A cikin ƙwan akwai siririn zare na ƙarfen tangisten wanda ke yin zafi har ya ba da haske, kewaye da iskar da ke ɗauke da aidin ko buromin. Iskar tana mayar da ɓurɓushin ƙarfen da ya tashi kan zaren, shi ya sa gilashin ba ya yin baƙi da wuri. An ƙera madubin da ke bayan fitilar ne bisa ainihin wurin da zaren zai tsaya. Idan ya kauce ko da milimita ɗaya ko biyu, hasken zai watse.

Ire-iren ƙwai

H4 yana da zare biyu da ƙafa uku. Zare ɗaya mai wat 55 na gajeren haske ne, wanda direbobi ke kira dim, ɗayan mai wat 60 kuma na dogon haske. A Amurka ana kiran takwaransa 9003 ko HB2.

H7 zare ɗaya gare shi, ƙafa biyu, wat 55, kuma an fi sa shi a gajeren haske. H1 siriri ne, ƙafarsa ɗaya, shi ma wat 55.

9005 da 9006 suna da gindin roba mai lanƙwasa wanda ake murɗawa ya kulle. Na farko na dogon haske ne, na biyu na gajere. Sun yi kama sosai, amma haƙoran gindinsu ba ɗaya ba ne, kuma kan 9006 yana da baƙin shafi da ke tare hasken da zai bugi idon mai tahowa, abin da 9005 ba shi da shi. Wasu masu gyara kan fiƙe haƙoran don su tura 9005 a mazaunin 9006. Fitilar takan ƙara haske, sai dai hasken a idon mutane yake ƙarewa. H11 ma murɗa shi ake yi, amma soket ɗinsa daban ne.

Gane ƙwan da mota ke amfani da shi

Hanya mafi tabbas ita ce a ciro tsohon ƙwan a karanta abin da aka buga a gindinsa: lamba, 12V, da yawan wat. Littafin mota ma yana da jerin, kuma a motoci da dama an zana lambar a jikin gidan fitilar. Duba jikin gidan yana da amfani ga motar hannu, saboda mai ita na farko yana iya sauya fitilar bayan haɗari, ko wani ya cusa ƙwan da ba nata ba.

Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991 kuma ta yi suna a aikin haya a arewacin Najeriya, tana amfani da H4 idan fitilarta mai madubi ɗaya ce, amma mai madubi biyu tana da ƙwai guda biyu a kowane gefe. Golf 4 tana amfani da H7 a gajeren haske da H1 a dogo. Corolla ƙirar Amurka ta 2003 zuwa 2008 tana amfani da 9006 da 9005. Peugeot 206 ta fito da H4 a wasu samfura, da H7 a wasu. Saboda haka wanda ya je shago ya ce "a ba ni na 206" bai gama bayani ba. Ya fi sauƙi ya riƙe tsohon ƙwan a hannu.

Ana sayar da H4 mai wat 100/90 a kasuwa, kuma direbobin doguwar tafiya suna son sa. Wayoyi da soket na ƙaramar mota ba a yi su don wannan nauyi ba. Abin da kan biyo baya shi ne narkewar soket, ƙonewar makunni, da dusashewar madubin fitila, wanda gyaransa ya fi kuɗin ƙwan nesa ba kusa ba.

Kafin a sauya

Ba duk fitilar da ta mutu ce ke buƙatar sabon ƙwai ba. Idan zaren bai tsinke ba, ana duba fiyus da soket. Idan gefe biyu suka ɗauke lokaci ɗaya, an fi zargin fiyus, rile ko makunni. Haske ja-ja mai rauni a gefe ɗaya yawanci alama ce ta wayar da ke haɗe da jikin mota ta yi tsatsa ko ta kwance. Ƙwan da ke yawan mutuwa kuwa yana iya nuna cewa altaneta na tura wuta fiye da kima. Idan injin na aiki, ma'auni a kan batir ya kamata ya nuna kusan bolt 14, kuma ƙarin kashi 5 cikin ɗari kawai yana rage rayuwar ƙwan da kusan rabi.

Yadda ake sauyawa

Ana kashe injin da fitilu, a bar ƙwan ya huce, sannan a buɗe bonet a cire murfin roba da ke bayan fitilar. A H4, H7 da H1 ana zare soket, a danna 'yar wayar ƙarfen da ke riƙe da ƙwan a kauda ita gefe, sai a jawo shi. A 9005, 9006 da H11 ana murɗa ƙwan hagu kaɗan ya fito, sannan a danna maɓallin soket a raba su. A wasu ƙananan motoci wurin ya matse ƙwarai, har sai an ɗaga batir ko akwatin matatar iska, ko a shiga ta bayan taya.

Ba a taɓa gilashin sabon ƙwai da yatsa. Maiƙon fata yana sa zafi ya taru wuri ɗaya har gilashin ya kumbura ko ya fashe. Idan an taɓa, ana goge shi da tsumma mai tsabta da sifirit. Ƙwan yana da kunnuwa da ke shiga gurbinsu ta fuska ɗaya tak. H7 ne aka fi sakawa a karkace, domin wayar riƙon tana iya kullewa ko da bai zauna daidai ba, don haka ana leƙawa ta gaban gilashi a tabbatar ya miƙe. Murfin roba dole ya koma, in ba haka ba ƙura da ruwa za su shiga. Masu ƙera ƙwai suna ba da shawarar a sauya biyun tare, tun da sun yi aiki na tsawon lokaci ɗaya.

Saiti

Bayan sauyawa ana tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, a kunna gajeren haske. A fitilun Turai akan rubuta wani adadi kamar 1.0% ko 1.2% a jikin gidan. Kashi 1 cikin ɗari yana nufin iyakar hasken a bango ta sauka santimita 10 ƙasa da tsayin tsakiyar fitilar. Ana gyarawa da sukurorin da ke bayan gidan.

Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Gana kuma a 1974. Gidan fitilar da aka ciro daga motar Ingila ko Japan yana ɗaga haske ta hagu, wato daidai inda mai tahowa yake, kuma sauya ƙwai ko saiti ba ya gyara wannan.

Zenon da LED

Fitilar zenon, wadda ta fara fitowa a BMW 7 Series a 1991, ba ta da zare, kuma lambobinta da D suke farawa, kamar D1S da D2S. Tana tashi da wutar da ta kai kusan bolt 20,000, don haka aikin mai wayarin ne. Ƙwan LED da ake sakawa a mazaunin H4 ko H7 yakan ba da farin haske mai ƙarfi, amma idan wurin da hasken ke fitowa bai dace da wurin zaren ba, madubin yana watsa shi sama. A sababbin motoci masu LED na asali, galibi babu ƙwan da ake cirewa, sai dai a sauya sashen haske ko gidan fitilar gaba ɗaya.