Ido Kafin Da'ira: Koyar da Jituwar Launi a Makarantun Ƙonni, Malbaza da Illela

A lokacin cirar albasa, hanyar da ta tashi daga Birnin Ƙonni ta bi ta Tsarnawa zuwa Malbaza da Galmi cike take da launi. Ga tarin albasar Galmi, wadda jan ɓawonta mai sirkin shuɗi ya yi mata suna a kasuwannin Afirka ta Yamma. Ga koren lawashi a fadamu, ga jar ƙasa a kan tudu, ga farin dutsen da masana'antar siminti ta Malbaza ke haƙa. Yaron da ke zuwa lakwal yana ratsa wannan duka da safe, amma da ya zauna a aji sai launi ya ragu zuwa baƙin allo da farin alli. Idan an zo darasin zane, a yawancin makarantun ƙauye babu fenti, babu fensir mai launi, sai malam ya zana da'ira ya rubuta sunayen launuka a ciki, yara su kwafa.

Hujjar wannan maƙala ita ce an juya tsarin ne. Jituwar launi, wato yadda launuka ke zama kusa da juna su yi daɗin kallo ko su yi faɗa, abu ne da ido ke fara ganewa, hannu ya gwada, sannan baki ya sa masa suna. Da'irar launi ta littafi ta dace da ƙarshen karatun firamare, kuma kayan da ake buƙata kafin a kai gare ta suna nan a kasuwa da bayan gida.

Tarihin ilimin kansa yana goyon bayan haka. A 1824 aka naɗa masanin haɗa sinadarai Michel-Eugène Chevreul shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke birnin Faris. Masaƙa suka kawo masa kukan cewa baƙin zaren da ake rina musu ba ya yin baƙi sosai. Ya bincika rinin bai sami aibu ba. Abin da ya gano shi ne baƙin yana sauya kama a ido idan an saƙa shi kusa da shuɗi ko wani launi mai ƙarfi, domin kowane launi yana tura maƙwabcinsa zuwa ga kishiyarsa. Littafin da ya fitar a kan wannan a 1839 ya zama ginshiƙin nazarin jituwar launi, kuma tushensa matsalar masu sana'a ce. A 1963 malamin zane Josef Albers ya wallafa darussan da ya koyar a jami'ar Yale ta Amurka, inda ɗalibansa ke aiki da yankakkun takardu masu launi, suna neman yadda launi ɗaya zai bayyana kamar biyu idan an sauya abin da ke bayansa. Duk abin da wannan gwaji ke nema, ƙyallayen da tela ke sharewa kowace yamma a kasuwar Ƙonni sun wadatar da shi.

Yankin kuwa yana da nasa malaman. Baduku ya san yadda zai fitar da ja daga karan dafi, da baƙi daga bagaruwa da tsatsar ƙarfe, ya kuma san cewa siririn kore a gefen jar fata ya fi faffaɗan kore ƙawata ta. Mai saƙar faifai da tabarma tana barin farar kaba tsakanin rinannu biyu don kada su cinye juna. Alaramma mai zayyanar allon sauka yana kewaye ja da rawaya da baƙin tawada, sai kowanne ya tsaya a gurbinsa. Babu ɗayansu da ya karanta Chevreul, amma dokar da ya rubuta ita ce suke aiki da ita.

A gundumar Illela akwai gine-gine biyu da suka isa zama aji. Masallacin Juma'a na Yama, wanda magini Alhaji Falke Barmu ya fara a 1962 kuma ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, kusan launi ɗaya ne, na ƙasar da aka gina shi da ita. Kyansa yana fitowa daga yadda haske da inuwa ke raba wannan launi zuwa matakai daga hantsi zuwa la'asar. Kasuwar Dandaji kuwa, wadda mai tsara gine-gine Mariam Kamara ta zana aka kammala a 2018, ta bi wata hanya: bango na tubalin ƙasa, a sama kuma faya-fayan ƙarfe masu launi daban-daban suna ba da inuwa. Na farko yana koyar da jituwar launi ɗaya mai haske da duhu, na biyu yana nuna yadda launi mai sanyi a ido ke ɗaukar masu ƙarfi ba tare da hayaniya ba.

Yaya za a shigar da wannan cikin shekaru shida na firamaren Nijar? A aji biyu na farko, CI da CP, aikin tarawa da jerawa ya isa. Kowane yaro ya kawo ƙasa cikin marfin kwalba: jar ƙasa, farar ƙasa, yashi, toka, laka daga kwarin Maggiya. Su jera daga mafi haske zuwa mafi duhu, su yi gardama a kan wadda za ta gabaci wata. Wannan gardamar ita ce darasin, domin a cikinta yaro ke koyon cewa ja ba ɗaya ba ne, yana kuma ɗauko kalmomin gida, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ɗorawa, tsanwa, yana aza su a kan abin da ke gabansa.

A CE1 da CE2 sai a shiga haɗawa. Ruwan zoɓo yana ba da ja, gangamau yana ba da rawaya, gawayi da ƙaro suna ba da baƙi irin na makarantar allo, bular wanki tana ba da shuɗi, ɓawon albasa da aka tafasa yana ba da ruwan ƙasa. Idan an ɗiga lemun tsami a zoɓo jansa yana ƙara haske, idan an sa kanwa sai ya yi duhu ya karkata zuwa shuɗi-kore. Gangamau ma yana juyawa ja idan ya haɗu da kanwa. Malam zai sa yara su ƙirga: cokali ɗaya na zoɓo da ɗaya na ruwa, ɗaya da biyu, ɗaya da huɗu, su shafa kowanne a takarda a jere. Sun yi tsanin launi da hannunsu, sun kuma taɓa lissafin rabo tun kafin ya zo musu a littafi.

A CM1 da CM2 ne gwajin ƙyalle zai shigo. A yanka ƙyalle ruwan toka gida biyu, a ɗora ɗaya a kan ja, ɗaya a kan kore, a tambayi aji ko iri ɗaya ne. Da yawa za su rantse ba ɗaya ba ne, har sai an haɗa su. Daga nan yara za su iya tsara faifai a takarda da launuka uku kacal, ɗaya mai yawa, ɗaya matsakaici, ɗaya kaɗan, su bayyana dalilin zaɓinsu. Tutar ƙasa da ke tsakar makaranta misali ce a shirye, inda fari ya shiga tsakanin ruwan lemo da kore. Sai bayan wannan duka da'irar launi za ta zo, ta tattara abin da suka riga suka gani.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko suna cewa yaran da ba su iya karatu da lissafi ba, a aji mai cunkoso ko rumfar zana, ba su da lokacin wasa da zoɓo. Amsa ita ce jerawa da aunawa da bayyana dalili su ne ƙwarewar da karatu da lissafi ke tsayawa a kai, kuma awa ɗaya a mako ta wadatar. Na biyu suna cewa launin gargajiya ba ya bin ƙa'idar littafi, domin bula da gangamau ba sa ba da kore shar, zoɓo kuma yana dusashewa a rana. Gaskiya ne, shi ya sa akwatin fensir mai launi ko guda ɗaya a aji yana da amfani don kwatantawa, kuma tambayar dalilin dusashewar ƙofa ce ta darasin kimiyya. Na uku iyaye ne masu ƙyamar zanen abu mai rai. Nazarin launi ba ya buƙatar siffar mutum ko dabba, zayyana da saƙa sun ishe shi.

Abu biyu ne malam zai kiyaye. Kada yara su ɗanɗani abin da aka haɗa, ko da daga kayan abinci ya fito. Sannan yaron da kullum ke rikita ja da kore, wanda galibi namiji ne, mai yiwuwa haka idonsa yake tun haihuwa, kuma duka ko tsawa ba za su gyara shi ba. Aikin jera haske da duhu zai ba shi wurin da zai yi fice.

Inda aikin zai fara shi ne horon malamai. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Zinder tun 1973, kuma a 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa, don haka darasin da ke ɗauko kalmominsa da kayansa daga gida ya dace da inda ilimi ya dosa. Makarantar horon malamai ta Tawa za ta iya ware kwanaki kaɗan ɗalibanta su haɗa waɗannan launuka da kansu, su yi gwajin ƙyalle, su zauna da baduku da mai saƙar faifai. Masu duba makarantu na Ƙonni da Malbaza da Illela kuma za su iya sa batun a tarukan ƙara wa juna sani na malamai, kowace makaranta ta zo da takardun da yaranta suka shafa, a gwada wanne rini ya jure rana, wanne ya fi sauƙin samu a ƙauyensu.