Daga Kongo Zuwa Tsohuwar Gwari: Bin Sawun Zinaren Zamanin Bature

Da sanyin safiya muka bar ƙofar Kongo a Tudun Wadar Zariya, muka bi ta Samaru da Shika da Giwa. A Funtuwa muka karya da kunu da ƙosai, sannan mota ta karkata ta ɗauki hanyar Birnin Gwari. 'Yan shekaru baya, ba mai hankalin da zai hau wannan titi don yawon buɗe ido. Sai bayan sulhun ƙarshen 2024, da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, motoci suka fara dawowa. Har yanzu ma direbanmu bai taka ba sai da ya tambayi labarin hanya a tasha.

Wanda ya saba ganin hotunan garuruwan zinare na Kalifoniya, da tsofaffin shagunansu da aka gyara wa baƙi, zai sha mamaki a Tsohuwar Gwari. Ba allon tarihi, ba gidan adana kaya. Ramuka ne a cikin daji, wasu ciyawa ta rufe bakinsu, ga tarin farin dutse da aka farfasa aka bari. Amma ƙasar nan tana cikin wuraren da suka yi tashe a rububin zinaren Arewa, tare da Minna, Bin Yauri, Anka da Maru.

A 1913 aka fara rubuta yawan zinaren da ake haƙowa a Nijeriya, sai dai bai taka kara ya karya ba. Abin da ya tayar da daji ya faru ne a nesa. Karayar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta rusa farashin kuza, kamfanonin Jos suka sallami leburori. A Satumbar 1931 Ingila ta raba fam ɗinta da ma'aunin zinare, farashinsa ya tashi. A Janairun 1934 kuma Amurka ta ɗaga oza guda daga dala 20.67 zuwa dala 35. Turawan da kuza ta juya wa baya suka kwashi lasisi suka gangaro nan, leburori suka bi su da diga da shebur da kwanon wanki. Cikin waɗannan shekaru abin da ƙasar ke fitarwa ya haura tan guda a shekara.

Tsarin aikin ya fi komai ba ni haushi. Bature ke da takardar fili. Bahaushe ko Bagwari shi ke shiga rami, shi ke wankewa, ya kawo a auna masa, a biya shi farashin da mai takarda ya yanka. Ya kai wani wuri, ya zama ɓarawo a idon doka. Sama da su duka akwai wani mai rabo a zaune: tun 1900, da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga Royal Niger Company, ta yi masa alkawarin rabin kuɗin harajin ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99.

Yadda rububin ya zo daga nesa, haka ya tafi. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wadda Ingila ta dogara da kuzarta don yaƙi. Nan take zinare ya koma gefe. Aka shiga diban gwamna, aka kwashi dubun dubatan manoma daga lardunan Arewa zuwa ramukan Jos a kan tilas, har 1944. Sanyin tsauni da yunwa suka kashe da yawa. Bayan yaƙi masu lasisi ba su dawo da ƙarfinsu na da ba.

A bakin wani rafi muka tarar da samari uku suna wanki. Ɗaya ya tsuguna cikin ruwa har idon sawu, yana juya kwano a hankali, laka na malala ta baki, har ya rage baƙin yashi a gindi. Ya karkato shi wajen rana, ya nuna mini da farce: ɗigo uku, sun fi ƙwayar gero ƙanƙanta. Gwal suke ce masa. Kwanon nan bai bambanta da na kakanninsu ba, abin da ya ƙaru shi ne injin niƙa da zaiba. Niƙan dutsen zinare a cikin gida ne ya jawo gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara.

Bayan isha muka iso Kongo, ɗaliban shari'a na zaune ƙarƙashin fitila da littattafansu. Cikin abin da za a tambaye su a jarrabawa akwai sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999, wanda ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa. Dokar ma'adinai ta 1916 Sarkin Ingila ta mallaka wa. Na kakkaɓe jar ƙurar Gwari daga hulata, na shiga gida.