Daga Zaure Zuwa Aji: Yadda Karatun Gida Ya Rasa Gurbi A Doka



Wani maƙwabcina a Unguwar Gabas ya cire 'ya'yansa uku daga makarantar kuɗi a farkon zangon nan. Kuɗin makaranta ya ninka, albashi bai motsa ba, ta gwamnati kuwa ya ce ajin ya cika ya batse. Sai suka yanke shawara da uwargidansa, wadda ta yi karatun koyarwa, cewa ita za ta riƙa koyar da su a gida. Ya sayo allon bango da littattafai. Ran nan bayan sallar isha'i ya tare ni da tambaya: "Malam, wai wane ofis zan je in yi rajista, don kada a ce yarana ba sa karatu?" Na ce masa babu irin wannan ofis a Nijeriya. Ya yi mamaki ƙwarai. Dalilin rashin ofishin tarihi ne mai tsawo, kuma babban ɓangarensa a nan ƙasar Zazzau aka yi shi.

Kafin zuwan Turawa, gida da makaranta abu guda ne. Yaro yana fara babbaƙu da farfaru a gaban mahaifinsa ko a zauren malamin unguwa, ya yi ta wanke allo har ya sauke. Daga nan ya shiga karatun littattafai: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, mai nisan zango ya kai Muhtasar, a nahawu kuma Ajurumiya da Alfiyya. Birnin Zariya ya yi suna musamman a nahawu, almajirai na zuwa daga garuruwa masu nisa don zama a zaurukan Unguwar Juma da Kona. Babu rajista, babu zango, babu jarrabawar ƙarshen shekara. To amma akwai shaida. Idan ɗalibi ya ƙare littafi, malami yana ba shi ijaza, wadda ke nuna wurin wanda ya karanta, shi ma wurin wa ya karanta, haka har zuwa mawallafin. Sunan malaminka shi ne takardarka.

Mata ma a cikin gida suka yi nasu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take horar da jajis su shiga ƙauyuka su koyar da mata a tsakar gida. Da Turawa suka zo suka yi ƙidaya a wajejen 1914, sun tarar da makarantun allo kusan dubu 25 a Arewa, da ɗalibai sama da dubu 200. Yawancinsu zaurukan gidaje ne.

Makaranta mai gini daban da ƙararrawa da littafin kiran suna baƙuwa ce. Dakta Miller na mishan ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905 yana koyar da yara, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. A Kano, Hans Bisha, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ta koma Kaduna a 1938, sannan ta sauka Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Zuwan jirgin ƙasa ya haifar da Sabon Gari, inda baƙi 'yan Kudu suka zo da makarantun coci-coci. Samaru kuwa daga gonar gwaji ta aikin noma ta fara, har Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962.

Abin da waɗannan makarantu suka kawo wanda zaure ba shi da shi shi ne takarda mai hatimin hukuma. Da ita ake ɗaukar akawu a En'e, da ita ake zama malamin asibiti ko na gona. Ijaza tana da daraja a wurin malamai, amma ba ta buɗe ƙofar ofishin Di'o. Sannu a hankali sai ma'anar kalmar "karatu" ta karkata. A shekarun 1950, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, wanda Zariya ce cibiyar buga littattafansa, dattijon da ya iya rubuta wasiƙa da ajami sai ga shi a aji ɗaya da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba.

Mu marubuta ya kamata mu fi kowa lura da wannan, domin adabinmu ya ci gajiyar hanyoyin biyu. Abubakar Imam, wanda ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ɗan gidan malamai ne da ya wuce Kwalejin Katsina. Sa'adu Zungur a gaban mahaifinsa ya ƙoshi da ilimin addini da Larabci. Shi kuwa Aliyu Namangi, makahon da ya yi Waƙoƙin Imfiraji, bai zauna a ajin boko ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello da kanta ta ba shi digirin girmamawa. Jami'ar da ba za ta iya ɗaukarsa ɗalibi ba saboda rashin takarda, ita ce ta ɗora masa rigar dakta.

Duk wannan lokaci, kai yaro makaranta bai zama dokar ƙasa baki ɗaya ba, ko da yake dagatai da hakimai sun sha tilasta wa talakawa ba da 'ya'yansu. Shirin UPE na 1976 ya sa firamare ta zama kyauta. Shirin UBE da Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999 shi ne ya kai ga dokar 2004, wadda ta mayar da shi wajibi. Dokar ta ce kowane uba ko mariƙi ya tabbata yaronsa ya halarci firamare da ƙaramar sakandare, ya kuma kammala su, shekara tara ke nan. Wanda kotu ta kama da laifin ƙin yin haka, karon farko gargaɗi ne. Karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyun. Bayan nan tarar naira 5,000 ko wata biyu ko duka. Jihohi suka yi nasu dokokin suka kafa hukumomin SUBEB. Dokar ta ambaci almajirai da 'ya'yan makiyaya a cikin waɗanda shirin ya shafa, amma ba ta tanadi hanyar da uba zai yi rajistar koyar da ɗansa a gida ba.

Wasu ƙasashen sun yi wannan tanadi. Dokar ilimi ta Ingila tun 1944 ta yarda yaro ya samu ilimi a makaranta ko ta wata hanyar. Afirka ta Kudu, a dokarta ta 1996, ta ce uba ya nemi rajista wurin shugaban ma'aikatar ilimi na lardinsa. A Amurka kowace jiha ta halatta shi da nata sharuɗɗa. Faransa ta tsaurara, daga 2022 sai an nemi izini. Jamus kuwa ta hana. Mu namu shiru ne, kuma shirun bai kare uba ba, tunda lafazin dokar makaranta ya ambata.

To me ya rage wa irin maƙwabcina? Ga abin da na faɗa masa. Da farko ya mallaki takardar haihuwar kowane yaro daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da lambar NIN, domin tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita. Na biyu, ya bi manhajar da hukumar NERDC ta tsara, saboda a kanta ake gina tambayoyin jarrabawa, ya kuma adana littattafan aikin yaran da sakamakon gwajinsu. Na uku, ya sani cewa abin da ke cika sharaɗin doka shi ne sunan yaro ya kasance a rajistar makarantar da gwamnati ta amince da ita, kuma jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare ta hannun makarantu ake yin rajistarta. Don haka ya je sashen ilimi na ƙaramar hukumar Sabon Gari ya yi bayanin halin da yake ciki tun wuri, ya fi a zo a same shi. Na huɗu, a matakin kammala sakandare ƙofa a buɗe take: WAEC da NECO duk suna da jarrabawar 'yan waje, wadda mutum ke yi wa kansa rajista ba tare da makaranta ba. Da kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi a yawancin fannoni, sai ya zauna JAMB kamar kowa.

Na kuma ƙara masa da wata magana da ba ta cikin doka. Zauren da ba ɗaki ne da yaro ke zaune shi kaɗai da uwarsa ba. Cike yake da sa'o'i, da na gaba da ke biya wa na baya, da malamin da gari ya shaida iliminsa. Wanda zai koyar a gida yau sai ya nemo madadin waɗannan, in ba haka ba yaro ya tashi bai yi boko ba, bai yi zaure ba. Annobar korona ta 2020, lokacin da aka rufe makarantu aka koma darasi ta rediyo da talabijin a Jihar Kaduna, ta nuna mana bambancin gidan da ke da mai biya wa yaro karatu da wanda babu.

Shawarata gare mu masu alƙalami ita ce mu daina rubuta duk tauraron da bai je boko ba a matsayin jahili, mu kuma daina nuna cewa duk wanda ya bar aji ya tsira. Akwai labari a wurin gwanin da ya haddace izu sittin ya rasa takardar neman aikin masinja. Akwai labari a wurin yarinyar da uwarta ta koyar a tsakar gida har ta shiga ɗakin jarrabawa ranar farko tana rawar jiki. Irin waɗannan mutane suna nan a Samaru da Sabon Gari, muna gaisawa da su kullum.

Maƙwabcin nawa dai ya mayar da babban yaron makaranta saboda jarrabawar aji uku. Ƙananan biyu suna nan gaban uwarsu, ina jin muryarsu ta katanga kowace safiya suna biya sau-sau.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.