Tarihin Kwalta: A Shafe ko A Sake Shimfiɗawa?

Kalmar kwalta da muke faɗa kullum daga bakin Turawa muka aro ta, kuma asalin ma'anarta shi ne baƙin danƙon da ke fita idan an gasa kwal. A yau kuwa yawancin abin da ake malalawa a hanya daga gurɓin ɗanyen man fetur ake samunsa, suna ne kawai ya tsaya.

Kafin kwalta akwai tsakuwa. A shekarar 1816 aka naɗa wani mutumin Sukotlan, John Loudon McAdam, mai kula da hanyoyin yankin Bristol a Ingila. Masana na lokacin sun ɗauka sai an jera manyan duwatsu a ƙasa sannan hanya za ta ɗauki kaya. Shi kuwa ya ce ƙasar da ke ƙarƙashi ita ce mai ɗaukar nauyin, muddin ba ta jiƙe ba. Saboda haka ya sa a ɗaga hanya, a yi mata ɗan tudu a tsakiya domin ruwa ya gangara gefe, a kuma zuba ƙananan tsakuwa su haɗe da juna. Da motoci suka zo suna tayar da ƙura suna warwatsa tsakuwar, sai Edgar Hooley na gundumar Nottingham ya yi rajistar dabararsa ta gauraya ta da kwalta a 1902.

'Yan'uwa mazauna birane, da yawanku kuna da 'yar hanyar kwalta daga ƙofar gida zuwa garejin mota, kuma ma'aikata kan zo muku da farashi biyu: na shafe da na sabuwar shimfiɗa. Amsar tana cikin hujjar McAdam. Shafe ba ya ƙara wa hanya ƙarfi ko kaɗan; fenti ne mai kare ta daga rana da ruwa. Idan launi ne kawai ya koɗe, ga 'yan siraran tsaguwa nan da can, to a cike su a shafe, a maimaita bayan shekara uku zuwa biyar. Idan saman ya fara zubar da tsakuwa amma ƙasan na nan daram, sabuwar shimfiɗa mai kaurin santimita huɗu ko biyar ta wadatar.

Inda ake asarar kuɗi shi ne inda hanya ta tsattsage kamar bayan kada, ko ta lotsa ruwa yana kwanciya. Wannan alama ce ruwa ya riga ya cinye tushe. Mai shafe a nan ya yi ado ne kawai, mai shimfiɗa kuma zai ga tsohuwar tsaguwa ta huda sabuwar kwaltarsa ta fito. Sai dai a haƙe, a gyara tushen, a fitar da magudana.

A ganina, duk wanda zai yanke shawara ya jira a yi ruwa mai ƙarfi, ya fita da safe ya duba inda ya kwanta, kafin ya kira ɗan kwangila.